Jinin Mai Sikeli

Sau biyu Sista Binta ta duba katina. Ta duba, ta ɗago ta kalle ni, ta sake sunkuyawa, sannan ta ajiye baƙin biro ta ɗauki ja. A nan gabana ya faɗi. Benci cike yake da mata ranar awon ciki, ina kallo kowace da baƙin biro ake rubuta mata a sallame ta, ni kaɗai aka zana wa jan da'ira a saman kati. Cikinki wata biyar ne a lokacin, Hajara. Yau kina kwance gefena da kwana sittin da 'yan kai a duniya, amma har yanzu in na ga jan biro sai ranar nan ta dawo mani. Na ce bari in rubuta tun abin bai huce mani ba, don na san gidanmu. Kafin ki yi wayo za a gyara labarin, a ce maki uwarki ce mara kunyar nan da ta fita da ɗanyen jego ta bar ruwan wanka a kan wuta. Gaskiya ne na fita. Ga dalili.

"Na fari ne?" in ji Sista.

Na sunkuyar da kai.

"Malama, nan ba gidan surukai ba ne, buɗe baki ki yi magana. Kin taɓa ɓari?"

"A'a."

"Alhamdu lillahi. A danginku akwai mai wabi?"

Ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, abin da ban ga ta yi wa kowa ba. Ta ce jinina negetif ne, na babanki kuma da aka gwada ba irinshi ba ne. In jariri ya ɗauko na ubanshi, ranar haihuwa jininmu na haɗuwa, sai jikina ya ɗauke shi baƙo, ya haddace shi. Na fari yakan tsira. Na bayanshi ne jikin zai dinga yaƙa tun suna ciki, wasu su zo ba rai, wasu su zo su yi ruwan ɗorawa su koma kafin suna. Ta ce akwai allura mai hana jiki haddacewa, amma sai an yi ta cikin kwana uku da haihuwa.

"In kwana uku suka wuce fa?" na ce.

"Ƙofa ta rufe. Ki rubuta wannan a goshinki."

Tana magana ni kuwa fuskar mutum ɗaya nake gani: Kaka, uwar Innata, wadda kika ci sunanta. Duk ƙauyenmu Bauranya ba wanda ke ce mata Hajara, 'Yar Kanti ake ce mata. Fara ce sol, idanunta kamar na mage, gashinta in ta tsefe har gadon baya. Haihuwarta bakwai, Inna ce ta fari, kuma Inna kaɗai ta rayu. Da yake ba ta da ɗa namiji, da mijinta ya rasu sai ta dawo wani ɗaki a gidan Baba, kuma wanda ke zaune gidan suruki ya san yadda ake taka ƙasa a hankali. Muna yara an ce mana Buzuwa ce. A bakin rijiya kuwa wata magana nake ji ƙasa-ƙasa, wai jinin Nasara ne, ƙasar nan ba ta karɓar shi, shi ya sa 'ya'yanta ba su zama. Da Inna ta haife mu mu shida ba wanda ya koma, sai aka ce alhakin ya ƙare a kan tsohuwa. Ashe tsallake ya yi.

Da ciki ya kai wata bakwai aka zo Kankia aka ɗauke ni zuwa Bauranya goyon ciki, tunda haihuwar fari a gaban iyaye ake yin ta. Babanki bai so ba, amma malamin firamare ne mai kunyar manya, ba zai iya buɗe baki ya hana ba. Muka shirya da shi cewa in wata ya kama zai nemo allurar ya kai wa Sista ta ajiye a firiji. A gida kuwa Gwaggo Indo ce ke riƙe da ni, yayar Baba, wadda duk wani jego na gidanmu a hannunta yake. Inna ba ta da ta cewa. Ni ce 'yar farinta, ko sunana ba ta faɗa, balle ta tsaya mani a gaban dangin miji.

Wata rana da hantsi na tarar da Kaka a inuwar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Na zauna na jawo ƙwarya.

"A'a, ƙawata," ta ce, "yau kuma da wane ido kika gan ni? Ko turaren miji kika zo ara?"

"Ni da turaren tsofaffi? Tambaya na zo yi."

"In ta goro ce babu."

"Kaka, wa ya haife ki?"

Hannunta ya tsaya cak a cikin gyaɗar. Ta dubi ƙofar Gwaggo, ta dube ni.

"Buzu," ta ce.

Na fiddo katina na nuna mata jan da'irar. Na faɗa mata duk abin da Sista ta ce, har maganar ruwan ɗorawa. Ta tashi da ƙyar ta shiga ɗaki, na bi ta. Daga ƙarƙashin jeren kwanoninta ta zaro wani gwangwani da tsatsa ta cinye fentinshi, ta buɗe. Hoto ne a ciki, ya yi ja don tsufa. Wani siririn Bature da gajeren wando, ya dafa babban sikeli, bayanshi buhunan gyaɗa har sun fi shi tsawo. Idanun Kaka ne a fuskarshi.

Ranar na ji labarin da aka binne shekara saba'in. Ba irin Turawan mulki ba ne. Daga wani tsibiri na ƙasar Girka ya fito yana saurayi, ya hau jirgin ruwa zuwa Ikko, ya hau na ƙasa zuwa Kano, wani kamfani ya turo shi bakin hanyar Kankia sayen gyaɗa. Mutane suka sa mashi Mai Sikeli. Kaka ta ce Turawan bariki ko shayi ba su sha da shi, shi kuwa da hannu yake cin tuwo, yana Hausa kamar ana jan akuya a kan tsakuwa. Uwarta Dije ta saba rako ubanta da jakuna su kawo gyaɗa awo, a nan ya gan ta. Ya yi kalmar shahada gaban liman, aka sa mashi Abdullahi, ya biya sadaki. Kaka na da shekara uku zazzaɓi ya kashe shi, aka yi mashi sallah aka rufe shi a maƙabartar Musulmi. Dije ta komo Bauranya da farar yarinya da gwangwani.

"Waɗanda suka shaida ɗaurin auren suka mutu," in ji Kaka, "waɗanda ba su shaida ba suka rayu. To ke kin san wa za a ji."

A bayan hoton akwai rubutu, ba boko ba ba ajami ba. Kaka ta ce ta taɓa kai wa wani malami ya ce hatimi ne na sihiri, wai ta ƙone shi, ta ƙi. Ni kuwa na ɗora kyamarar wayata a kai, wayar ta juya shi Turanci, ina karantawa ina faɗa mata da Hausa. Ashe salsalarshi ce ya rubuta da hannunshi, don ɗiyarshi. Kakanshi mai kwale-kwale ne. Ubanshi manomin zaitun. Uwarshi Mariya. Sai sunayen 'ya'yan Mariya a jere, shida. Nashi ne na farko. Sauran biyar kowane da ɗan kuros a gabanshi, kuma kowane shekarar da aka haife shi ita ce shekarar da ya mutu. Wannan ko ba waya zan iya karanta shi, lamba lamba ce.

Kaka ta karɓi hoton ta kai shi kusa da idonta kamar za ta iya karantawa.

"Ita ma?" ta ce. "A can ma? To ita alhakin wa ta ɗauka, ita da ke ƙasar ubanta?"

Sai ta fara ƙirga nata. Na biyu ba a kai ga suna ba. Ta uku aka sa mata Ayashe don mutuwa ta raina ta. Na huɗu aka kwantar da shi kan juji aka ɗauko, aka ce Ajuji. Ta biyar Barmani, aka tsaga mata kunne don a gane ta in ta sake dawowa, tunda an ce ɗa guda ne ke zuwa yana komawa. Na shida da na bakwai ba su yi ko kuka ba. Ta sha rubutu, ta sha saiwa, ta yi sadakar baƙar kaza. Waɗanda suka zo da rai duk launi guda suka yi, har fararen idanunsu. Ban taɓa jin ta faɗi sunayen nan ba sai ranar, kuma ba ta yi hawaye ba. Ni ce na yi.

Da la'asar na buga wa Sista waya na ce mata na gano, daga Bature ne. Ta yi dariya.

"Ke dai kin samu wanda za ki ɗora wa. Ina da masu jan biro da yawa a littafina, ba wadda ta haɗa dangi da Bature. Abin nan ba ya bayyana sai ya zo ta uwa ya kuma zo ta uba. Kakarki ta samu rabi wurin Baturen, rabi wurin Bahaushiyar uwarta. Ke ma rabi na gidan ubanki ne. Ki duba can ma."

Ban sha wahalar dubawa ba. Gwaggo Indo ɗa guda gare ta, Yaya Lawal, na fari. Huɗu sun koma. Ita kuwa ba a taɓa kiran nata alhaki ba, don kowa ya san dalilin da ita kanta take faɗa: tana da kwana biyar da haihuwar Lawal ubansu ita da Baba ya rasu a Tafashiya, ta fita da ɗanyen jego ta je gaisuwa, iska ta shige ta, mahaifarta ta lalace. Shekara arba'in tana ɗauke da wannan, shi ya sa duk mai jegon da ta shiga hannunta ko zaure ba ta leƙawa sai an yi arba'in. Ba mugunta ba ce, Hajara. Ki riƙe wannan, don ni a ranar ban riƙe ba.

Kika zo da sauran mako uku a lissafi, ranar Alhamis da hantsi, a ɗakin Gwaggo, a hannun ungozoma. Allura ba ta zo ba. Babanki ya kwana biyu a kan hanya: Juma'a ya zagaye Katsina bai samu ba, Asabar da safe ya samu a Kano, ya rungumo ta cikin kula da ƙanƙara ya kai wa Sista. Ta ce a kawo ni da ke, sai ta gwada jininki kafin ta yi. Ni ina kwance ina ƙirga awoyi. Hantsin Lahadi ƙofa za ta rufe. Duk lokacin da na duba fuskarki sai in ga kamar tana yin rawaya, in kai ki bakin taga, in ga ba komai, in koma in sake dubawa.

Asabar bayan azahar babanki ya iso da motar haya ya tsaya a waje, ya aiko da sallama. Tukunyar ruwan wanka na tafasa a tsakar gida da ganyen darbejiya. Na ɗaura zane, na ɗauke ki. Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa ta ware hannu.

"Ina zuwa, Sa'adatu?"

"Asibiti, Gwaggo. Na gaya maki tun watan jiya."

"Kin gaya mani, na kuma gaya maki. Kwana biyu da haihuwa? Ki shiga mota, iska ta ko'ina? Wallahi ba a hannuna ba. Ku 'yan sakandare kun ɗauka kafin a yi allura ba a haihuwa? Uwarki shida ta haifa a ɗakin nan, wace allura aka yi mata?"

"Ita jininta daban."

"Af, jini! Ai dama na san can za a je. To in jinin Nasara ne ya motsa, a yi mashi abin da aka saba. A tsaga wa yarinya kunne, a sa mata Ayashe, a bar wa Allah. Ba dai a ƙara mana da iska ba."

Matan gida duk sun fito. Kaka na tsaye can gefe da sandarta. Na ga ta sunkuyar da kai kamar yadda ta saba shekara da shekaru, sai wani abu ya taso mani daga ciki, ya fi tsoron ƙarfi.

"Ba wanda zai taɓa kunnen yarinyar nan," na ce. "Kuma Baturen da kuke faɗa sunanshi Abdullahi, da sadaki ya auri Dije, yana kwance a Kankia yana fuskantar gabas kamar kakan kowa. Rabin jinin nan nashi ne. Rabin na gidan nan ne, Gwaggo. Naki ne. Ba iska ce ta kashe maki huɗu ba, ba zuwa Tafashiya ba ne. Ko da kin yi shekara a ɗaka haka za su koma. Abin da ke jikina shi ke jikinki."

Hannuwan Gwaggo suka sauka a hankali. Na so a ce a ɗaki na faɗa mata, mu biyu, da taushin murya. Wannan kaɗai nake nadama. Maganar kuwa ban janye ko harafi ba.

Da na duba ƙasa sai na ga takalman Inna a gabana, an juyo da su suna kallon waje, da hijabinta a ninke a kai. Ita tana can bakin murhu ta ba ni baya tana gyara itace, kamar ba ta san an yi ba. Na saka.

Saura zaure. Baba na zaune da baƙi biyu, ya miƙe ƙafafu a kan hanya. A gidanmu mai haihuwar fari ko ido ba ta haɗawa da ubanta, balle ta nuna ta san jaririn nata ne. Na durƙusa da ƙyar.

"Baba, ɗiyata ce wannan, ni na haife ta. Ina son ta yi ƙanne. Zan tafi a yi mani allura in dawo."

Baƙin suka kau da kai don kunya. Baba ya dubi ƙasa.

"Ke da bakinki?" ya ce.

"Da bakina, Baba."

Sai muka ji ƙwanƙwasar sanda a bayana. Kaka ce, ta yafa mayafin da take zuwa Idi da shi. Shekara goma da ɗoriya tana gidan ba ta taɓa ratsa zaure yana ciki ba.

"Malam Sani," ta ce, "ban taɓa roƙon ka komai ba bayan ɗakin da ka ba ni. Janye ƙafarka, zan tahi da ƙawata."

Ya janye.

Abin da ya biyo baya ba zan ɓoye maki ba. Gwaggo ta tattara ta koma wurin dangi a Tafashiya kafin mu dawo, ba ta zo sunanki ba, wata maƙwabciya ce ta ƙarasa mani wanka. Baba har yau in na gaishe shi "lafiya" kawai yake cewa. A Bauranya an samu sabon misali da ake yi wa 'yan mata. Su yi. Ni na ga abin da shiru ya ci a gidaje uku, daga tsibirin Mariya har ɗakin Gwaggo, kuma ba zan ba shi nawa ba. In kin girma aka ce maki jikar Nasara, ki ce e, ta Abdullahi Mai Sikeli, ɗan Mariya, jikan mai kwale-kwale, sannan ki tambaye su ko su za su iya ƙirga nasu har can.

Mun isa asibiti rana ta yi sanyi. Hanya duk na ji ta a jikina, Kaka na riƙe da ke, ni ina riƙe da kujera. Sista ta tsaga diddigenki ta ɗebi jini, kika tsala kuka. Muka zauna jira. Da ta dawo ta ce jinin babanki kika ɗauko, wato da an bari da shi ke nan. Ta duba idanunki ta ce garau suke. Ta buɗe firiji, ta fiddo 'yar kwalba, ta ce in juya. Ban ma ji shigarta ba. Ta dubi agogon bango, ta ɗauki jan biron nan ta rubuta lokaci a cikin da'irar.

"Shi ke nan," ta ce. "Kin shigo kafin a rufe. Kin tsira, Sa'adatu, ke da masu zuwa bayanta, da yardar Allah. Kowace haihuwa ki zo a sake, ko Gwaggo goma ne a ƙofa."

Kaka ta miƙa hannu.

"Ɗiyata, ba ni kwalbar in gani."

Sista ta ba ta. Ko tsawon ɗan yatsanta ba ta kai ba. Ta juya ta, ta ɗaga ta saitin taga.

"Wannan ce duka?"

"Ita ce, Kaka."

"Guda ɗaya?"

"Guda ɗaya."

Ta daɗe tana kallon ta. Leɓɓanta na motsi, na san me take ƙirgawa, har ta kai shida. Sannan ta ƙulle kwalbar a bakin zanenta, ta ce gwangwani za ta saka ta, kusa da hoto, ya gani shi ma. Ta dafa sanda ta miƙe.

"Tashi mu tahi, ƙawata," ta ce. "Ruwan wankanki na hucewa."